Shin Fim Ɗin Senna Ya Zalunci Prost?

Tambaya: Malam, na kalli fim ɗin 2010 na tarihin Ayrton Senna, direban tseren motoci na Formula 1, na tashi ina jin haushin abokin hamayyarsa Alain Prost ƙwarai, sai abokina ya ce an zalunce shi a ciki. Ta yaya son kai zai shiga, alhali hotunan duk na ainihi ne? Ina tsoron kada in riƙa zagin mutum a banza.

Amsa: Abokinka yana da gaskiya, kuma wannan magana ta cewa hoton ainihi ba ya ƙarya ta gajiyar da ni, domin kullum sai an kawo mini ita. Kyamara ta ɗauki abin da ya faru, amma mai tace hoto ne yake zaɓar abin da za ka gani daga cikin ɗimbin faya-fayan ajiya, shi yake tsara wanda zai zo kafin wani, shi yake ɗora kiɗan tausayi a fuskar wannan, ya bar fuskar wancan a lokacin da ya ɗaure ta. Ba a ƙirƙiri ko daƙiƙa ɗaya ba, amma an riga an yanke maka hukunci.

Dubi karon da suka yi a Suzuka ta Japan. A 1989, suna tare a ƙungiyar tsere ta McLaren, motocinsu sun sarƙe, Senna ya ci gaba ya zo na ɗaya, aka soke nasararsa, Prost ya ɗauki kambun gasar shekarar. Fim ɗin ya jingina lamarin ga kusancin Prost da shugaban hukumar tsere, Jean-Marie Balestre, wanda shi ma Bafaranshe ne. A 1990 kuwa Senna ne ya afka wa Ferrarin Prost a kwanar farko, kuma a 1991 ya amsa da bakinsa cewa da gangan ya ƙi kaucewa. Wanda ya tsaya wa Senna a na farko ya kamata ya iya faɗin laifinsa a na biyu, amma masu yanko guntayen bidiyo suna yaɗawa ba su da wannan haƙurin, abin da zai tayar da ƙura kawai suke nema.

Prost kansa ya koka cewa ba a ba sulhunsu haƙƙinsa ba. A Adelaide ta Ostireliya a 1993 Senna ya jawo shi saman dandamalin nasara, sun ci gaba da waya bayan Prost ya yi ritaya, kuma bayan hatsarin da ya yi ajalin Senna a Imola ta Italiya ranar 1 ga Mayun 1994, Prost yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Shirin Netflix na tseren Formula 1 ya fi wannan ɓarna, har direba Max Verstappen ya ƙaurace wa hirarsa na wani lokaci saboda gabar da ake ƙirƙira tsakanin direbobi. Kafin ka sake zagin Prost, nemi cikakken tseren 1990 ka kalli kwanar farko da idonka.