Ɗauke wutar Kalifoniya ba irin ta gida ba ce

Wa alaikis salam ƙanwata, barka da zuwa Santa Rosa. Na ga kin ce kamfanin wuta ya turo miki saƙo cewa mai yiwuwa a ɗauke wuta nan da kwana biyu saboda iska, ga ki da yara ƙanana, ga surukarki da ba ta iya barci sai da injin numfashi. Har kika ƙara da cewa mu da muka taso a hannun NEPA ai duhu ba zai ba mu tsoro ba. Ni ma haka na faɗa a 2019, kuma maganar nan ce ta cuce ni.

A gida kowa ya san wuta baƙuwa ce, shi ya sa akwai randa, akwai mai ruwa da kurarsa, akwai gawayi, ga mai caji a bakin titi. Nan kuwa komai a wuyan wuta aka rataye shi: ƙofar gareji, famfon gidan mai, danjar titi, injin karɓar kati a shago, har ruwan sha idan gidanku da burtsatse yake amfani. Kuma ba don ta yi ƙaranci ake ɗauke ta ba, gobara ake gudu. Ranar 8 ga Nuwamba 2018 wani tsohon ƙarfe da ke riƙe da babbar wayar kamfanin wuta na PG&E ya karye, tartsatsi ya faɗa busasshen daji, garin Paradise ya ƙone ƙurmus, mutum 85 suka rasu. Daga baya kamfanin ya amsa laifinsa a kotu. Shi ya sa yanzu da zarar iskar da suke kira Diablo ta taso, sai su kashe layin tun kafin reshe ya faɗo a kan waya. Iskar daga arewa maso gabas take zuwa a bushe, kamar hunturunmu, leɓe ya tsage, hanci ya bushe, sai dai ita da ƙarfinta take zuwa, ta kwana tana jijjiga taga.

Fara da Hajiya, domin ita ce abin ji. Yau ɗin nan ki kira kamfanin ku sa ta a tsarin Medical Baseline, wato na marasa lafiya masu dogaro da injin da ke aiki da wuta, likitanta zai tabbatar tana amfani da injin. Wanda yake cikin tsarin ana nanata masa gargaɗi, in bai amsa ba har ƙofa ake zuwa a ƙwanƙwasa. Amma rajista ba ta hana a ɗauke muku wuta, kuma ba lallai ta kammala kafin jibi ba. Ki nemi babban batir mai caji, ki gwada shi da injin a daren yau tun wuta tana nan, ki ga ko zai kai asuba. In kin kashe ɓangaren da ke ɗumama ruwa a jikin injin, cajin ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. In batirin bai samu ba, babu kunya ku kai ta ta kwana gidan 'yan'uwa a unguwar da ba a ɗauke ba. Lambar 211 ma suna nuna wa mutum inda zai samu taimako.

Sai mota, wadda ita na fi so ki riƙe. Ki cika tanki tun yau, ki fito da ita daga gareji, ki juya kanta waje. A gobarar 2017 da ta cinye unguwar Coffey Park a nan garin cikin dare, akwai waɗanda suka rasa yadda za su buɗe gareji saboda babu wuta. Dalilin ke nan aka yi doka cewa daga Yulin 2019 duk sabon injin ƙofar gareji sai da batir. Naku in tsoho ne, akwai wata jar igiya da ke reto a sama; ki ja ta, ki ɗaga ƙofar da hannu, ki gwada yanzu da rana, kada sai hayaƙi ya turnuƙe. Fasfo, takardun zama, magungunan Hajiya da kuɗi a hannu su kwana a jaka ɗaya bakin ƙofa. Kada ki ce tunda an kashe wuta an tsira. A Oktoban 2019 ana cikin ɗauke wutar gobarar Kincade ta tashi, aka kwashe sama da mutum 180,000 a gundumar Sonoma, mu ma da tsakar dare muka loda yara da kayan barcinsu.

Na ce maganar NEPA ta cuce ni. A wancan watan ina da ragowar naman layya a firiza, ita kuma rabi ce, ban cika ta ba. Na yi ta buɗewa ina latsa naman da yatsa in ji ko ya saki, yara kuma suna buɗe firij neman ruwan sanyi. Kwana na biyu jini ya fara bin ƙasan ledoji. Abin da ya rage da sanyi na yanka na soye ƙarau da gishiri, irin na bayan sallah, sauran kuwa shara ta ci, har yau ina jin zafinsa. Ashe firij a rufe awa 4 kawai yake riƙe sanyi, firiza cikakkiya awa 48, rabi kuma 24. Yanzu robobin ruwa nake cusawa a duk wani gurbi su daskare tun kafin ranar, in ɗaure hannun firij da ɗankwali don yara su tuna. Murhunki in na gas ne, ashana za ta kunna shi. Gawayi a waje cikin wannan iska kuwa, ko da wasa.

Janareta ni ban saya ba. In maigida ya nace, to ba a ajiye shi a gareji ko baranda yadda muka saba gani a gida. Ƙafa 20 ake so tsakaninsa da gida, nesa da taga, domin gubar hayaƙinsa ba ta da wari, a barci take ɗaukar mutum. Kuma ba a jona shi a soket ɗin bango, wutar tana komawa kan layi ta kama ma'aikacin da ke gyara. Mai sola a rufi ma kada ya saki jiki, in babu batir tare suke mutuwa da layin.

Danja in ta mutu, kowa tsayawa yake cak a mahaɗa, wanda ya riga isa shi ke wucewa. Sannan in iska ta kwanta kika ga shiru, ba mantawa aka yi da ku ba. Sai sun bi layin da mota, da ƙafa, da jirgi mai saukar ungulu sun duba, yawanci da hasken rana, kafin su maido. Saboda haka duk lokacin da suka faɗa miki, ki ƙara kwana guda a lissafin ruwa da caji. Ki gaishe min da Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya, ya kuma tsare mu baki ɗaya.