Tauraron da ke layin Principal: wa aka buɗe wa ƙofa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna ajiye takardun kwastomominmu a S3, ma'ajiyar fayiloli ta intanet ta Amazon. Yaron da ya saita mana abin ya sa alamar tauraro (*) a layin Principal na ƙa'idar izinin shiga ma'ajiyar don masu duba mana lissafi su samu shiga. Yanzu kuma wani yana ta tallata mini wata manhajar tsaro mai tsada. In saya?
Hajiya, mai kamfanin dakon kaya

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki fitar da ko kwabo tukuna, a fara goge tauraron nan, yau ba gobe ba. Layin Principal shi ke faɗin wanda aka ba izini, tauraro kuwa na nufin kowa da kowa, har wanda bai taɓa buɗe asusun AWS ba, wato sashen Amazon mai kula da S3. In ba a gindaya wani sharaɗi ba, duk wanda ya samu adireshin fayil zai iya sauke shi. Tun Afrilun 2023 sababbin ma'ajiyan S3 na zuwa ne da katangar hana jama'a shiga, sai dai wanda ya ƙagu tauraronsa ya yi aiki yakan kashe ta. Ki sa a duba miki.

To me za a rubuta a wurin? Mafi yawa sukan sa lambar asusun kamfanin masu duba lissafin, mai lambobi 12, da kalmar root a bayanta, wato sunan da AWS ke kiran mai asusu. Nan ake ruɗewa. Ba mai asusun kaɗai kika ba izini ba, asusun gaba ɗaya kika ba amana, kuma mai kula da shi zai iya miƙa izinin ga duk ma'aikacin da ya ga dama, ke ba ki sani ba. Ni dai shawarata, su buɗe role guda saboda wannan aiki, wato matsayin da ake shiga da shi don yin wani aiki takamaimai, su turo miki cikakken adireshinsa, shi kaɗai za a rubuta. Makullan role na ɗan lokaci ne, yawanci awa ɗaya, ba sa wuce awa 12. A ba su izinin karantawa kawai, tunda mai duba lissafi ba ya bukatar goge komai. Kuma kar yaron ya wahalar da kansa da sunan rukunin ma'aikata, AWS ba ya karɓarsa a wannan layi.

Batun saye kuwa, a cikin asusunki akwai IAM Access Analyzer, yana nuna duk ma'ajiyar da wani na waje ke iya shiga, kuma wannan ɓangaren kyauta ne. A kunna shi, ki ga abin da zai fitar, sannan ki tambayi mai tallan me tasa manhajar za ta ƙara a kai.