Sunan namiji da na mace: ba wasalin ƙarshe kaɗai ake saurara ba

Malama, kin ce kina rubuta sunayen yara a rajistar allurar rigakafi a wani ƙauye wajen Ringim, kuma an gaya miki duk sunan da ya ƙare da "a" na mace ne, mai "u" na namiji. Wannan ƙa'ida tana aiki, amma a rukuni ɗaya kawai, wato sunayen Larabci masu zuwa biyu-biyu: Aminu da Amina, Jamilu da Jamila, Habibu da Habiba, Hafizu da Hafiza. "U" ɗin nan wasalin ƙarshen kalma ne na Larabci, Bahaushe ya riƙe shi don harshensa ba ya son tsayawa a kan baƙi. Shi ya sa Bashir ya zama Bashiru.

To, wasalin nan bai tsaya kan maza ba. Sunan mace na Larabci sau da yawa yana da "t" ɓoyayye a ƙarshe, wanda ke fitowa in an karanta shi cikakke. Daga nan aka sami Aminatu, Hadizatu, Salamatu, Ramatu, Sa'adatu. Don haka in kin ji "-atu", kusan kullum mace ce. Ga kuma Zainabu, Hauwa'u da Asma'u. A ɗaya gefen, Musa, Isa, Hamza, Yahaya, Garba, Murtala da Bala duk maza ne. Nura ma a ƙasar Kano namiji ne, gajeren Nuruddini, ko da yake a ƙasashen Larabawa mata ke amsa shi.

A ƙauye inda laƙabi ya fi sunan yanka yawo, farkon suna ya fi ƙarshensa faɗin gaskiya. Dubi sunayen rana da na lokacin haihuwa: Ladi da Ɗanladi, Lami da Ɗanlami, Asabe da Ɗan'asabe, Jummai da Ɗanjuma, Azumi da Ɗan'azumi. Ranar ko lokacin shi ne tushe, namiji aka ɗora masa "Ɗan". Haka "Na-" da "Ta-": Na'Allah namiji, Tasalla da Tabawa mata. Ƙarshen "-au" kuwa na maza ne: Sallau, Nomau, Shekarau, Jatau.

Inda kunne ke yaudarar mutum shi ne gajerun sunaye da sunayen sakaya, waɗanda uwa ko suruka ke kira don kunyar ambaton sunan na gaba. Ado da Iro maza ne, Indo da Mairo mata, alhali duk "o" ne. Sule namiji, Dije mace. Rabe da Rabi wasali ɗaya ya raba su. Abu a nan galibi Zainabu ce, namiji Habu ake cewa. Gambo da Auta kuwa kowa na amsawa, domin matsayin haihuwa suke nunawa: Gambo mai bin tagwaye, Auta na ƙarshe.

Abin da ba ya kuskure shi ne maganar da ke kewaye da sunan. Saurari uwar: "Gambo ne" ko "Gambo ce", "ya yi zazzaɓi" ko "ta yi". Kada ki dogara da harafin mallaka, wato "n" ko "r" da ke liƙe a ƙarshen suna. Za a ce Musan gidanmu da Aminar gidanmu, daidai, amma sunan mace da bai ƙare da "a" ba "n" yake ɗauka, sai ki ji Kanden Malam, Ladin Audu.

Wajen rubutu, ki cika gurbin jinsi kafin ki rubuta suna, bayan kin tambaya kai tsaye, yaro ne ko yarinya ce. Ki rubuta wasalin ƙarshe sarai, musamman ga tagwaye, domin Hassan da Hassana, Husaini da Husaina, harafi guda ne tsakaninsu, kuma in ya ɓata a kati, haka zai bi yaro zuwa takardar haihuwa da rajistar makaranta. In laƙabi aka ba ki, nemi sunan yanka daga uban ko wata 'yar rakiya, don uwa ba lallai ta iya furta sunan ɗan fari ba.