Koyar da kimiyya a makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare ta karkara, ina koyar da kimiyya a aji ɗaya da aji biyu. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, kuma kowane aji ya haura ɗalibi saba'in. Nakan rubuta darasi a allo su kwafa su haddace, amma bayan mako biyu sai ka ce ba a taɓa yi ba. An ce mu riƙa kawo misalai na gida, ina kuwa kawowa, amma ban ga canji ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara ƙarfin gwiwa. Daga yadda kika bayyana, ina zaton misalin nan da baki kike kawo shi. Za ki ce "kamar yadda randa take sanyaya ruwa", yara su gyaɗa kai, ki juya ki ci gaba da rubutu a allo. Na sha ganin haka a azuzuwa. Misalin da aka faɗa kawai, shi ma layi ne da aka ƙara wa yaro cikin hadda. Abin da yake zama a kansa shi ne wanda ya fara faɗin zatonsa a kai, ya gwada da hannunsa, ya ga ko ya dace ko bai dace ba, sannan aka ba shi sunan abin.

Mu ɗauki randar. Kafin ki yi wani bayani, ki tambaye su me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi. Wani zai ce ƙasa ce mai sanyi, wata ta ce don a inuwa ake girke ta. Ki rubuta amsoshin duka a gefen allo, kada ki ce wa kowa ya yi kuskure. Washegari a zo da ƙananan tukwanen ƙasa biyu iri ɗaya, a zuba musu ruwa daidai wa daida daga bokiti guda, a naɗe bayan ɗaya da leda tsaf, a bar ɗayar haka nan, a ajiye su wuri ɗaya mai iska. Bayan awa uku ko huɗu a auna. Dukansu ƙasa ne, dukansu a inuwa suke, amma wadda aka naɗe ba ta kai 'yar uwarta sanyi ba. Ke nan amsoshin jiya guda biyu sun faɗi ba tare da kin ce uffan ba, kuma yaran da kansu za su fara neman wata.

A nan ne za ki nuna musu nason da ke bayan tukunyar. Jikin randa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska tana busar da shi, kuma ruwa ba ya tashi ya bi iska sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Giram ɗaya kacal idan ya tashi, zafin da yake kwashewa ya isa ya sauke zafin rabin lita na ruwa da kimanin digiri ɗaya. Leda ta hana shi tashi, sanyi ya tsaya. Daga nan sai ki bar tambayoyi su riƙa jan juna. Me ya sa sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyi? Me ya sa ruwanta ya fi sanyi da rani fiye da watan Agusta, lokacin da iska take cike da laima? Me ya sa salkar makiyayi take sanyaya ruwa? Sai kuma babbar: me gumi yake yi wa jikin mutum? Jikinmu yana riƙe da zafinsa a wajen digiri 37, kuma a rana irin ta Afrilu gumin da ke bushewa a fata ne yake hana shi wuce gona da iri. Kin ga darasi ɗaya ya haɗa miki ilimin zafi da ilimin jiki.

Kada ki rufe wannan darasi ba ki ba su labarin Mohammed Bah Abba ba, malamin nan na jihar Jigawa. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai tumatir da barkono da ke lalacewa cikin 'yan kwanaki suka riƙa kai makonni uku. Wannan aiki ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yaron ƙauye yana buƙatar jin cewa wanda yake jin Hausa irin tasa ya ɗauki tukunyar uwarsa ya kai ta idon duniya.

Abu ɗaya zan roƙe ki ki matsa wa shugaban makaranta ya saya, wato ma'aunin zafi, ko da biyu ne. Amma a kula, wanda ake sayarwa a kemis don auna zazzaɓi ba zai yi ba, domin ba ya karanta sanyin ruwan randa. Na ɗakin gwaji za a nema, mai farawa daga ƙasa da sifiri ya wuce digiri 100. Idan babu lamba, gardama ce za ta kaure a aji, wannan ya ce ya ji sanyi, wancan ya ce bai ji ba.

Darasin asid, wato sinadari mai tsami, da kishiyarsa ya fi kowanne sauƙi a ƙasar Hausa, domin zoɓo yana yin aikin takardar gwajin nan mai sauya launi da littafi yake ta ambata. A jiƙa shi a ruwan ɗumi, ba sukari ba citta, a sirka har launin ya yi haske, a raba a gindin gorunan roba da aka yanke. A ɗiga lemon tsami a ɗaya, ruwan tsamiya a wani, ruwan kanwa, ruwan toka, ruwan garin sabulun wanki. Masu tsami za su ƙara masa ja, kanwa da toka kuwa su juya shi ya yi duhu, kore-kore. Sai a koma kan kofin kanwar a riƙa ɗiga lemon tsami a hankali: zai yi kumfa, iskar kabon ce take fita, sannan jan ya dawo. Ki tambayi 'yan matan ajin me ya sa ake jefa kanwa a miyar yakuwa. Za su ce don ta kashe tsami. To, abin da littafi ya ɓata shafi guda yana bayani ke nan, kuma yakuwa da zoɓo tsiro ɗaya ne. Doka ɗaya tak za ki kafa tun ranar farko: ba a ɗanɗana komai a wurin gwaji, ko da abin sha ne a gida, kuma ruwan batir ba ya shigowa aji.

Wasu darussan ba su buƙatar dogon shiri. Shiƙa da tankaɗe da regen shinkafa su ne hanyoyin raba abubuwan da suka cakuɗe. Jigon lambu da baro su ne darasin ɗaga nauyi da ƙaramin ƙarfi. A tura yaro ɗaya can ƙarshen fili ya buga gwangwani da sanda, sauran su ga hannunsa ya sauka kafin ƙarar ta iso. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, shi ya sa daƙiƙa uku tsakanin walƙiya da tsawa ke nuna nisan kilomita ɗaya.

A ɓangaren halittu kuwa, akwai gwajin da nake so ƙwarai saboda yana karo da abin da yaro ya taso yana ji. Hausawa na cewa tsutsar nama ita ma nama ce, kuma idan kika tambaya, yawancin ajin za su ce naman ne yake rikiɗa ya zama tsutsa. Mutanen Turai ma haka suka ɗauka har zuwa 1668, lokacin da wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya gwada. Ku maimaita abin da ya yi. A sa 'yar tsokar nama ko kifi a kwalabe uku: ɗaya a buɗe, ɗaya a ɗaure bakinta da yankin gidan sauro, ɗaya a toshe ta gam. A ajiye can bayan aji inda wari ba zai dami kowa ba, a sa yara biyu su riƙa leƙawa kullum suna rubuta abin da suka gani. Cikin kwana biyu zuwa uku buɗaɗɗiyar za ta cika da tsutsa. Naman sauran biyun zai ruɓe ya yi wari, amma babu tsutsa a jikinsa, kuma sau da yawa za a ga ƙuda ya zuba fararen ƙwayayensa a saman yadin. Yaron da ya ga wannan ba sai an yi masa wa'azin rufe abinci ba. In an gama a binne, a wanke hannu da sabulu.

Mahaucin garinku ma abokin aikinki ne. Ranar kasuwa ki roƙe shi zuciya da huhun akuya haɗe da maƙogwaro. A zura bututun roba a hura da famfon keke, yara su ga huhu yana kumbura yana saɓewa. A tsaga zuciyar su ƙirga ɗakunanta huɗu, su taɓa su ji bangon ɓangaren hagu ya fi kauri, saboda shi yake tura jini zuwa duk jiki. Zanen allo, komai kyansa, ba zai ba su wannan ba.

Batun yawan ɗalibai gaskiya ne, ba zan ce miki abu ne mai sauƙi ba. Ki raba su rukuni goma, bakwai-bakwai, kowane rukuni da mai riƙe kaya da mai rubutu, ki riƙa sauya su don kada maza masu baki su mamaye komai. Ku fita ƙarƙashin bishiya in aji ya yi matsi. Kayan da za ki ce su kawo su zama waɗanda ba a saya, kamar toka da gora da tsumma, don kada ɗan talaka ya ƙi zuwa makaranta saboda kunya. Kuma tunda jarrabawar kammala aji uku da Turanci ake yin ta, minti goma na ƙarshe na rubutu ne: abin da na zata, abin da na gani, dalili. Sai a lokacin za ki rubuta kalmar Turancin a allo, su furta ta, su rubuta jimla da ita. Kalmar ta sami abin da za ta rataya a jikinsa.

Sai dai ba kowane darasi ne yake da misali a tsakar gida ba, kuma misalin da aka tilasta yana ɓatar da yaro. Idan kika ce lantarki kamar ruwa ne a bututu, sai ki faɗa musu inda kamar ta ƙare, domin wayar da aka yanke ba ta tsiyaya. Ƙwayar halitta kuma sai da madubin ƙara girma. Ki nemi aro daga babbar sakandare mafi kusa, ko sau ɗaya a shekara, su ga fatar albasa da idonsu.

Ki kuma duba manhajar ki daidaita ta da yanayi gwargwadon yadda aka ba ki dama. Randa da gwajin goga biro a gashi ya ɗauki guntayen takarda sun fi kyau da hunturu, lokacin da iska ta bushe. Tsutsar sauro kuwa sai da damina, a kwalba mai rufin yadi, su bi ta har ta yi fiffike. Idan aka koma makaranta a Satumba, wake da gyaɗa suna gona: a tono guda ɗaya a hankali da saiwarsa, a wanke, a nuna musu ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jiki, a fasa ɗaya da farce su ga cikinsa ja-ja. Bakteriyar da ke zaune a ciki ita take kamo naitirojin daga iska, wanda shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, ta mai da shi abincin tsiro. Ki ba su aikin gida su tambayi iyayensu dalilin da ya sa suke haɗa gero da wake a gona ɗaya, su zo da amsar ranar Litinin.