Zarton lantarki mai faifai biyu: ya cancanci kuɗinsa?

Malam, ka tambaya ko zarton lantarki mai faifai biyu ya cancanci saye domin ƙananan yanke-yanke a gida. Faifayensa suna juyawa ne ɗaya gaba ɗaya baya, shi ya sa bai cika fizgewa daga hannu ba, kuma yana yanka kwanon rufi, bututun roba da alminiyam ba tare da an sauya faifai ba. Sai dai ba ya ratsa katako mai kauri, yankansa kuma yana da faɗi, saboda haka idan teburi ko ƙofa kake son haɗawa, mai faifai ɗaya ya fi shi nesa ba kusa ba.

Babbar matsalarsa a nan Maradi ita ce faifayen. Bibbiyu ake sauya su, na wani zarto ba sa hawa kansa, idan sun dakushe kuwa, kana iya zaman jiran mai zuwa Kano. Ka karanta rubutun jikin injin kafin ka biya, domin waɗanda aka ƙera wa Amurka volt 120 suke ɗauka, wutarmu kuwa 220 ce, jona shi kai tsaye zai ƙona shi. Kada ka cire murfin faifai, ka sa tabarau, sannan ka nemi gogaggen kafinta ya nuna maka riƙonsa kafin yankanka na farko.