Filtar wanki ko ta takarda, wacce ta dace da ƙurar garinmu?

Jama'a barkanmu da sanyi. Tunda hazon nan ya sauko tambayoyin da ke shigo mani kusan duk akan abu ɗaya ne, filtar iska, wadda makanikai ke kira iya kilina. Na ɗauko guda huɗu, ta farkon ita zan fi daɗewa a kai don amsarta ta ɗauke rabin sauran.

Wani mai Corolla 2006 daga Daura ya rubuto: "Malam, ina zirga-zirga tsakanin Daura da Katsina kusan sau uku a sati, ƙarshen mako kuma in leƙa gona ta wajen Baure, hanyar birji ce. Wani abokina ya ce in daina ɓarnar kuɗi wajen canza filta, in sayi K&N irin wadda ake wankewa, wai sau ɗaya za ka saya har ka sayar da motar, kuma mota na ƙara gudu. Mi ka gani?"

To Alhaji, ka tsaya akan ta takarda, amma mai kyau. Abokin naka ba ƙarya ya yi maka ba, ya dai faɗi rabi ya bar rabi.

Injin fetur iska ya fi sha akan mai, nesa ba kusa ba. Duk lita ɗaya da ya ƙona sai ya zuƙi iska wajen lita 9,000 zuwa 10,000, ka ga tanki guda na lita 50 ana maganar kusan lita rabin miliyan kenan. Yanzu ka duba iskar da kake shiga cikinta daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wadda ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ka haɗa da jar ƙasar da tirela ke tayar maka a fuska in kana binta a birji. Ƙurar nan akwai garin yashi a ciki, shi kuwa yashi ya fi ƙarfen silinda tauri, in ya shige sai ya haɗu da baƙin mai ya riƙa goge ringi da bangon silinda a hankali kamar ana wasa wuƙa. Ba ranar za ka gani ba, sai bayan an kwana biyu ka ji mota ta fara shan baƙin mai, salansa na hayaƙi, makanike ya ce sai an sauke inji.

Ita K&N kamfanin Amurka ne a Kalifoniya, tun 1969, mutum biyu suka kafa shi, Ken Johnson da Norm McDonald, daga sunayensu aka samo K da N ɗin, kuma daga harkar tseren babura abin ya samo asali. Filtar tasu auduga ce saƙaƙƙiya kamar bandeji, an jera ta hawa-hawa tsakanin ragar waya, sannan a jiƙa ta da wani jan mai. Ka ɗaga ta a rana za ka ga haske na ratsowa ta ƙananan huda. Ba saƙar ke tare ƙura ita kaɗai ba, man ne ke cafke ta. Shi ya sa iska ke wucewa sakayau, kuma shi ya sa siririyar ƙura ke samun hanya fiye da yadda take samu a takarda, wadda ƙofofinta suka fi matsewa. Akwai ma'aunin da ake gwada filtoci da shi, ISO 5011, a hura masu ƙura a auna abin da ya wuce, kuma gwaje-gwajen da aka yi ta wannan hanya galibi takarda mai kyau ce ke fin tare ƙura, ta audugar kuma ta fi barin iska. Mutane na raina bambancin saboda a rubuce ƙarami ne. Ɗauki misali kawai, wata ta tare 99 cikin 100 wata ta tare 97, sai ka ce ai duk ɗaya ne, alhali abin da ya shige inji ta wajen ta biyun ninki uku ne. Wanda ke yawo a kwaltar Turai inda ruwan sama ke wanke iska kullum ba zai damu ba, mu nan da ake goge gilashi da safe kafin azahar yaro ya rubuta sunanshi a kai da yatsa, dole mu damu.

Maganar gudu kuma, a Corolla da ba a taɓa injinta ba ƙarin bai kai ka ji shi a jiki ba, sai dai in ka take totur har ƙasa. A tafiya ta yau da kullum totur ɗin ne da kanshi ke taƙaita iska. Abin da mutane ke ji yawanci ƙara ce, inji ya ɗan yi gurnani sai rai ya yi fari.

Sai wankin, wanda nan ne ake yin ɓarnar. Kamfanin ya taɓa cewa za ta iya kai mil 50,000 kafin wanki, wajen kilomita 80,000, amma a tuƙin babban titi suke nufi, su da kansu sun ce in wurin ƙura ne a riƙa dubawa akai-akai. Kuma wankin na da ƙa'ida, akwai ruwan wankinta na musamman da za ka fesa ka bari kamar minti 10, ka ɗauraye da ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren mai tsabta zuwa mai datti, ka bar ta ta bushe da kanta, sannan ka bi kowane lanƙwasa da jan man daidai misali. Motar na ajiye duk tsawon wannan lokaci. Yanzu tsakani da Allah, yaron gareji da ka miƙa ma ita haka zai yi? Fetur zai wanke ta da shi ya ɗura mata baƙin mai, ko ya maida ta a bushe. In ta bushe babu mai, rariya ce kawai. In man ya yi yawa kuma, motarka na da iyafulo a bayan akwatin filta, wata siririyar waya ce mai zafi da ke auna ma burenbos, wato kwamfutar mota, yawan iskar da ke shiga, man na iya dafe ta, sai ka ga fitilar cek inji ta kawo, silo, wato aikin inji in mota na tsaye, na rawa, mai na tafiya.

Ga kuɗinta ya ninka na takarda sau da yawa, sai ka ƙara da ruwan wanki da man, ga jabunta da ke yawo mai jan launi kawai. Ni in nawa ne, in saya maka ta takarda guda biyu, ɗaya a inji ɗaya a but.

Tambaya ta biyu daga wani direban Golf ɗan haya da ke lodi zuwa Jibiya da Mai'adua: "Oga ni duk sati nake kai filtata wajen mai faci ya hure mani ita da iska, ta fi shekara tana aiki, akwai matsala?"

Akwai, direba. Wannan al'ada ta fi komi kashe inji a garin nan kuma kowa na ganin dabara ce. Iskar kwamfuresa ta yi ma takarda ƙarfi, tana buɗe ƙofofinta tana yi mata ƙananan tsaga a gindin lanƙwasa inda ido bai gani, sai ta fito fes kamar sabuwa alhali ta zama kwando. Wani abin da mutane ba su sani ba, filtar takarda in ta ɗan kwashi ƙura ta ma fi sabuwa tacewa, don ƙurar da ta kwanta a kanta ita ma tana tare ta bayanta. Saboda haka don ka ga ta yi ja ba shi ne ta mutu ba. In ka ga ta yi nauyi ka ɗan bubbuga ta a tafin hannu a hankali, gefen dattin na kallon ƙasa, shi kenan. Ka shiga inuwa ka haska tocilar waya ta bayanta, in haske na fitowa bai ɗaya tana da sauran rai, in ya toshe ɗif ko ka ga wani ɗigo mai haske kamar tauraro, jefar da ita. Wadda ta shekara ana hura ta kam kada ka tsaya haskawa ma.

Littafin yawancin motoci na cewa a canza tsakanin mil 15,000 zuwa 30,000, tare da gargaɗin a gaggauta in hanyar ƙura ce. Kai da kake kan hanya kullum, ka duba ta duk juyen baƙin mai, kuma ka shiga hunturu da sabuwa.

Wata Hajiya malamar makaranta a cikin Katsina ta ce: "Makanikena ya ce shan man da Camry ɗina ke yi filta ce ta toshe, in na canza zai ragu. Gaskiya ne?"

Hajiya, a zamanin Fijo 504 mai kafireta haka ne, filta na toshewa mai zai yi ma iska yawa. Amma motar injekta irin taki burenbos na auna iskar da ta shigo ya ba da mai daidai ita. Wata cibiyar bincike ta gwamnatin Amurka, Oak Ridge, ta gwada wannan a 2009, suka ga toshewar filta a motocin injekta ba ta wani taɓa shan mai, ƙarfin fizga ne ke raguwa. Ki canza ta in ta yi datti, ba ta da tsada, amma ki sa a duba filogi da sensoshi da iskar taya, kada a sallame ki da filta kawai.

Na ƙarshe wani matashi ne mai Civic, yana son cire akwatin filta gaba ɗaya ya ɗaura filta irin mai kan mazurari ɗin nan da ke zama a buɗe cikin bonet, ya ce yana son ƙarar. Ƙanena ƙarar za ka samu, ba musu. Amma iskar cikin bonet mai zafi zai riƙa zuƙa, a garin da Afrilu ke haura digiri 40, iska mai zafi kuma ƙarfi take rage ma inji. Ga ƙura kai tsaye, ga ruwan damina in ka faɗa kududdufi. Akwatin da kamfani ya sa ba ado ba ne, bar shi.

Mai Corolla, ka ga duk wannan ba zai yi amfani ba in filtar takardar da ka saya jabu ce. Ni ya taɓa cina. Wata shekara na saya a wani shago, kwali mai kyau da tambari, araha ta ja ni, ban lura robar gefenta ta yi tauri kuma ta ɗan gaza tsawo ba. Bayan wata biyu na buɗe, filta fes, na yi ta murna, sai makanikena ya kwance babban tiyon da ke tafiya inji ya zura yatsa ya fito da shi jawur, ya ce "Malam ƙurarka ta gefe take bi, ba ruwanta da filta." Tun ranar nake yin abu uku. In zan saya ina tafiya da tsohuwar in gwada su baki da baki, in matsa robar da yatsa in ji tana da laushi tana dawowa, in duba lanƙwasan suna da yawa kuma gam ɗin ya kama ko'ina. In za a ɗaura, a goge cikin akwatin da tsumma mai danshi tukuna, kilif ɗin murfi duk su kama, wanda ya karye a nemo wani ko na Baljiyam ne, kada a ɗaure da waya. Bayan sati biyu kuma in sa farin ƙyalle in shafi cikin tiyon nan ta bayan filta.

Wannan gwajin ƙyallen ka yi ma motar abokin naka mai K&N shi ma, bayan ya je Baure ya dawo sau biyu, ku haɗa ƙyallayen ku duba, ka turo mani hoton.