Tambaya da Amsa: Amfanin Mataimakan JavaScript a Shafukan Manhajar Intanet

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyon gina manhajar intanet da Ruby on Rails, kuma ina yawan cin karo da wasu ƙananan mataimaka irin su javascript_tag da escape_javascript. Tun da zan iya rubuta umarnin JavaScript da hannuna a cikin shafi, mene ne amfaninsu?
Daga wani mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba don rage maka wahalar rubutu kawai aka yi su ba. Babban aikinsu shi ne tsare wurin da bayanan jama'a ke shiga cikin umarnin da burauza za ta aiwatar. Rails, wanda David Heinemeier Hansson ya fitar a 2004, yana haɗa shafi ne a kan saba, wato kwamfutar da ke aika wa masu amfani da shafukan, shi kuwa JavaScript, da Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995, sai shafin ya isa kwamfuta ko wayar mai amfani sannan yake aiki. Saba ba ta san abin da burauza za ta fahimta daga rubutun da ta aika mata ba, kuma a nan ne ake samun matsala.

A ce kana so shafi ya gaishe da mutum da sunansa, sai ka sa sunan tsakanin alamomin zance guda-guda. Idan sunansa Musa ne, komai zai tafi daidai. Idan kuwa Mu'azu ne, burauza za ta ɗauki alamar da ke tsakiyar sunan a matsayin ƙarshen zancen, umarnin duka ya lalace. Wannan ma da sauƙi. Wanda ya fi muni shi ne mai mugun nufi ya rubuta nasa umarnin a gurbin suna, ya rufe alamar script ɗinka, wato alamar da ake sa umarnin JavaScript a cikinta, ya buɗe tasa, ta yadda duk wanda ya buɗe shafin burauzarsa za ta aiwatar da umarnin baƙon da ikon shafinka. Wannan harin ne ake kira XSS, kuma da shi ake yi wa mutane kutse cikin asusunsu. Aikin escape_javascript, wanda ake taƙaitawa da harafin j, shi ne sanya karkataccen layi kafin alamomin zance, da sauya alamar sabon layi da ta rufe script, domin su zama rubutu zalla. Sai dai ka kula sosai: kariyarsa tana aiki ne kawai idan abin da ka saka yana cikin alamomin zance.

Shi kuma javascript_tag yana gina alamar script ne, kuma tun daga Rails 5.2 na 2018 yana iya maƙala mata wata lambar shaida da ke sauyawa, domin burauza ta ƙi duk umarnin cikin shafi da bai zo da ita ba, matuƙar ka kunna tsarin tsaron CSP, wanda ke faɗa wa burauza umarnin da za ta amince da shi. Akwai kuma javascript_include_tag, mai jawo fayil daga waje.

A ganina, wannan na ƙarshen ne ya kamata ka fi dogara da shi. A da, Rails yana da mataimaka irin su link_to_remote masu zuba JavaScript a tsakiyar shafi, amma a Rails 3.0 na 2010 aka janye su daga ginshiƙin tsarin, aka koma ga raba umarni da shafi, kuma Stimulus, wani ƙaramin tsarin JavaScript da aka haɗa cikin Rails 7 a 2021, a kan wannan turbar yake. Saboda haka ka ajiye umarninka a fayil na daban, sunan Mu'azu kuma ka sa shi a sifar data ta wata alamar HTML ta hanyar content_tag, wanda zai tace shi da kansa, sannan JavaScript ya karanto shi daga can. Idan wata rana ka koma Django, wani tsarin gina manhajar intanet irin Rails, json_script da aka ƙara a Django 2.1 zai yi maka makamancin wannan aiki.